Ina kitse yake tafiya idan mutum ya rame?

Telan da yake yi mini ɗinki tun ina saurayi mutum ne mai kawaici, amma tef ɗin awonsa ba ya kara. Shekara huɗu ke nan, ana saura mako uku ƙaramar Sallah, na kai masa shadda kamar yadda na saba. Ya zagaya ƙuguna da tef, ya buɗe tsohon littafin da yake rubuta awon mutane, ya duba, ya dawo ya sake aunawa. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Dakta, lallai boko ya fara biya. Sai dai a yi haƙuri a ƙaro yadi ɗaya." Muka yi dariya, na tafi raina fari, domin a ƙasar nan tumbi shaidar hutu ne, kuma wanda ya sha wahalar karatun digiri na uku yakan ga ya cancanci a ga alama a jikinsa.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Bayan wata biyu aka yi mana gwajin lafiya a wurin aiki, sakamako ya nuna sukarin jinina ya haura inda ya kamata, ko da yake bai kai a kira shi ciwo ba tukuna. Likitan, wanda na taɓa koyarwa a aji biyu, ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai kai ka koya mana abin da wannan lamba take nufi." Na kuwa san abin da take nufi. Yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya shekara goma sha biyu yana fama da ciwon sukari, a lokacin ma idonsa na hagu ya riga ya tafi.

Abin da na yi bayan nan shi ne dalilin rubutun yau, kuma da kunya nake faɗarsa. Ni da nake cin abinci da koyar da yadda sinadaran jiki suke aiki, sai na aikata duk abin da tsoro yake sa kowa ya aikata. Na sayi rigar leda irin wadda ake sawa don a yi gumi, na riƙa zagaya filin wasa da ita bayan asuba. Na daina karin kumallo, na daina cin abincin rana, na haramta wa kaina tuwo da shinkafa. Cikin kwana goma sikeli ya ce na sauke kilo uku. Na sanar da uwargida da murya irin ta wanda ya ci zaɓe. Kafin wata biyu su cika kilo ukun nan sun dawo, sun kuma zo da baƙo ɗaya. Sai a lokacin na koma kan darasin da nake maimaita wa ɗalibai duk shekara, na karanta shi a matsayin maras lafiya.

Akwai tambayar da nake buɗe darasin nan da ita: idan mutum ya rame ya zubar da kilo goma na kitse, ina kilo goman suka tafi? Amsoshin ba sa canzawa. Wasu su ce ya narke ya fita ta gumi. Wasu su ce ta bayan gida. Masu ganin sun fi ilimi su ce ya rikiɗa ya zama kuzari, ko ya koma tsoka. Duk babu daidai a ciki. Nakan ce musu su tuna da murhun gidansu. An kawo damin itace wanda sai da yaro ƙaƙƙarfa ya yi nishi kafin ya ɗauko shi, an dafa tuwo, da safe an kwashe toka ba ta cika kwano ba. Ina sauran nauyin? Ya bi iska. Zafin da ya dafa tuwon ba shi da nauyin da za a auna, amma itacen kansa ya haɗu da iskar oksijin ya zama hayaƙi da tururi ya tashi sama.

Haka jiki yake yi, illa dai wutarsa ba ta da harshe. Wanda ya fara tabbatar da wannan Bafaranshe ne, Antoine Lavoisier, a farkon shekarun 1780. Shi da abokin aikinsa Laplace suka sa ɓeran Masar a cikin wani mazubi da aka kewaye da ƙanƙara, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinsa ya narkar da kuma iskar da yake fitarwa, suka kwatanta da na gawayi mai ci. Suka gano cewa numfashi wani nau'in ƙonewa ne mai tafiya a hankali. Fiye da shekara ɗari biyu bayan haka, a Disambar 2014, wasu masana biyu a Ostireliya, Ruben Meerman da Andrew Brown, suka buga lissafin a mujallar likitocin Birtaniya: cikin kilo 10 na kitsen da jiki ya ƙona, kilo 8.4 ta huhu yake fita a matsayin iskar kabon, ragowar kilo 1.6 kuma ya zama ruwa. Wato mai karatu, tumbin da ka rabu da shi, numfasar da shi ka yi. Kafin wani ya zauna yana haki da gangan, ya sani cewa jiri kawai zai samu. Huhu ƙofar fita ce, ba ita take hura wutar ba.

To, me yake hura ta? A nan ne yawancinmu muke da hoton da ya karkace. Muna ɗauka cewa jiki mota ce, sai an taka ta take shan mai. Ya fi kama da jannaretan asibiti wanda ba a taɓa kashewa. Mutumin da ya kwana ya wuni a kan gado bai ɗaga ko yatsa ba, jikinsa zai ci kimanin kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na makamashin da ya saba ci a rana. Zuciya tana bugawa, ƙoda tana tace jini, hanta tana sarrafa sinadarai, ana riƙe ɗumin jiki daidai, ana rushe tsofaffin ƙwayoyin halitta ana gina sababbi. Ƙwaƙwalwa kaɗai, wadda nauyinta bai wuce kashi biyu cikin ɗari na jiki ba, tana lashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na wannan makamashi na hutu. Narkar da abincin kansa yana cin kimanin kashi goma. Abin da ya rage shi ne na motsi, kuma a cikin motsin ma, ga mutum irina, zagayen filin wasa na rabin awa ɗan ƙaramin yanki ne idan aka kwatanta da tafiya masallaci, hawa bene, tsayuwa a gaban allo, da sauran kai-komon da ba ma lissafawa.

Da na fara ƙiba, hujjata ita ce shekaru. Duk wanda ya haura arba'in ya san wannan magana: wai injin jiki ya yi sanyi. A shekarar 2021 mujallar Science ta buga wani bincike da Herman Pontzer ya jagoranta tare da ɗimbin masana, inda aka tattara awon makamashin mutum fiye da 6,400 daga ƙasashe 29, tun daga jariri ɗan kwana takwas har tsoho ɗan shekara 95. Suka tarar idan aka yi la'akari da girman jiki, yawan makamashin da mutum yake ƙonawa ba ya wani sauyawa daga shekara 20 har zuwa 60. Sai bayan sittin yake fara sauka sannu a hankali. Na ji zafin wannan sakamako, domin ya ƙwace mini uzurina. Abin da ya canza tsakanin shekaruna na talatin da na arba'in a fili yake: na sayi mota, an ba ni ofis mai kujera mai juyawa, kuma na shiga sahun waɗanda ake ajiye wa kaza da lemo a kowane taro.

Yanzu mu koma kan kilo ukun nan nawa. Jiki yana da ma'aji biyu. Akwai ƙarami, kamar kwanon awo da uwargida take ajiyewa kusa da murhu, akwai kuma rumbu a bayan gida. Ƙaramin shi ne wani nau'in sitaci da ake kira gilaikojin, wanda ake tarawa a hanta da tsoka, duka-duka bai fi rabin kilo ba. Rumbun shi ne kitse. Sirrin yana nan: kowane giram na gilaikojin yana riƙe da kimanin giram uku na ruwa. Ranar da mutum ya yanke tuwo da shinkafa, kwanon awon nan jiki yake fara ci, kuma yana ƙarewa ruwan da ke tare da shi yana bin fitsari. Ga hanji ya zama wayam, ga gishiri ya ragu. Cikin 'yan kwanaki sikeli ya sauka da kilo biyu ko uku, rumbu kuwa da ƙyar aka buɗe ƙofarsa. Kallon kitse ake yi wa rogo.

Lissafi ma ya isa ya farkar da ni da na tsaya na yi shi. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kimanin kalori 7,700. Kilo uku ya kama 23,000 da 'yan kai. A raba wannan gida goma, kowace rana sai na ci bashin kalori 2,300, wanda shi ne kusan duk abin da jikin malamin ofis irina yake ƙonawa a wuni. Ma'ana, sai dai in ban sa komai a baki ba tsawon kwana goman, alhali kowane dare ina zama gaban kwano ina rama bashin wunin da abin da ya samu. Wanda ya rage kalori 500 a rana, abin da zai sa rai da shi bai wuce rabin kilo a mako ba, kuma ko shi ba ya zuwa a jere. Wani makon sikeli ya tsaya cik, wani makon ma ya hau, saboda miya ta yi gishiri ko ciki bai saki ba, ga mata kuma saboda kusantowar al'ada. Yawancin masu karaya a irin wannan mako suke karaya.

Batun gumi shi ya fi ba ni takaici, domin a ƙasarmu yana iya zama hatsari. Gumi ruwa ne da gishiri, aikinsa sanyaya jiki. Wanda ya sa rigar leda ya yi gudu a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai iya sauke kilo guda cikin awa, ya sha ruwa kofi huɗu ya mayar da shi kafin azahar. Abin da ya yi kawai shi ne ya toshe wa jikinsa hanyar fitar da zafi, ya takura wa zuciya da ƙoda. Da gumi yana narkar da kitse, da babu mai tumbi ko ɗaya a cikin masu tuyar ƙosai da direbobin motocin haya. Ɗamarar matse ciki ita ma haka: tana tura abin da ke ciki gefe, ana kwance ta ya dawo mazauninsa. Motsa jiki na kwanciya da tashi yana ƙarfafa tsokar ciki, wannan gaskiya ne, amma jiki ba ya ɗebo kitse daga wurin da ake motsawa. Daga ko'ina yake ɗiba ta hanyar jini, bisa tsarin da gado da jinsi suka shata. Labari mai daɗi ɗaya a nan shi ne, kitsen da yake kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne ya fi alaƙa da ciwon sukari da hawan jini, yana cikin waɗanda suke saurin amsawa idan mutum ya fara raguwa.

Sai kuma kasuwar shayin rage tumbi, wadda ta cika Facebook da TikTok da tashoshin mota. Da yawa daga cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ganyen filasko ne a ciki, ko wani abu mai sa yawan fitsari. Iyayenmu sun san filasko, sun kuma san aikinsa wankin ciki ne. Sai dai abincin da aka ci, a ƙaramin hanji jiki yake tsotse kusan duk makamashinsa, filasko kuwa a babban hanji yake aiki, bayan an riga an kwashe kaya. Abin da mai zawo yake zubarwa ruwa ne da gishirin jiki, ciki har da sinadarin fotasiyam wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Akwai abin da ya fi wannan muni. Wani maganin rage ƙiba mai suna sibutramine, wanda aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara hatsarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, hukumomin magunguna na ƙasashe daban-daban sun sha kama shi a ɓoye cikin kayan da aka rubuta wa "na ganye zalla". Abin ban mamaki, a kasuwa ɗaya ake sayar da wannan da kuma ƙwayoyin "sha ka fashe" na masu neman ƙiba, wani lokaci ma a tebur ɗaya. Ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe, wannan ba ya cutarwa in ban da haƙora, amma bai taɓa narkar da kitsen kowa ba. Ciki ba kwanon da aka ci miyar manja a ciki ba ne da za a wanke shi da ruwan zafi.

Kuskuren da ya fi cin mutane masu himma shi ne horar da kai da yunwa, kuma a kansa muna da shaida mai ƙarfi. Gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 zuwa 1945, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya ɗauki samari 36 da suka ba da kansu, domin a fahimci yadda za a farfaɗo da mutanen da yaƙi ya jefa cikin yunwa a Turai. Aka rage musu abinci zuwa kusan rabi, kimanin kalori 1,570 a rana, tsawon wata shida, suna kuma tafiyar ƙasa ta kusan kilomita 35 a mako. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, don haka masu cewa yunwa tana hana rama gaba ɗaya ba su faɗi daidai ba. Amma a dubi farashin. Tsoka ta zube tare da kitse. Makamashin da jikinsu yake ƙonawa a hutu ya faɗi da kusan kashi 40 cikin ɗari, wani ɓangare saboda jikin ya ƙanƙance, wani ɓangare saboda jikin ya shiga tsimi. Suka zama masu jin sanyi, masu saurin fushi, ba su da zance sai na abinci, har wasunsu suka koma tara littattafan girke-girke. Da aka sakar musu mara, suka riƙa ci ba ƙoshi, kitsen da suka tara daga baya ya zarce wanda suka fara da shi.

Jiki bai san kana shirin bikin ƙanwarka ba. Abin da ya sani shi ne fari ya zo, kuma jikin da ya gaji dubban shekaru na fari ya ƙware wajen tsimi da ramuwa. Ya rage kashewa, ya ƙara kiran yunwa, ya sa ka kasala ta yadda ko tashi ɗauko ruwa sai ka aiki yaro. An sake ganin haka a zamaninmu. A 2016 Kevin Hall da abokan aikinsa suka bibiyi mutum 14 da suka yi gasar rage ƙiba ta talabijin a Amurka, wadda ake sauke nauyi mai yawa cikin 'yan watanni. Bayan shekara shida yawancinsu sun mayar da mafi yawan nauyin, jikinsu kuma yana ƙona kimanin kalori 500 a rana ƙasa da abin da ake tsammani ga masu girmansu. Ni ban kai ko kusa da wannan ba, amma na ɗanɗana. A kwanakin rigar leda, laccar ƙarfe biyu ta rana takan zame mini azaba, kuma ɗalibai sun sha faɗan da ba su ci ba su sha ba.

Da na bar yunwa sai na koma ɗaya gefen, na ce to motsa jiki zai biya komai. Nan ma lissafi bai goyi bayana ba. Tafiyar awa guda da ɗan sauri tana cin kalori 250 zuwa 300 ga namiji matsakaici, wato sai an yi awa 25 zuwa 30 kafin a biya kilo ɗaya na kitse. Ana dawowa kuma a tsaya wurin mai shayi, a sa ya haɗa mai kauri da madara da sukari, a haɗa da burodi da wainar ƙwai, a mayar da ninkin abin da aka ƙona cikin minti goma, da zuciya ɗaya kuwa, tunda ai an motsa jiki. Pontzer ɗin da na ambata ya auna mutanen Hadza na Tanzaniya, waɗanda har yanzu farauta da tsintar 'ya'yan itace suke yi, suna tafiyar kilomitoci kowace rana, ya buga a 2012 cewa idan aka daidaita girman jiki, makamashin da suke ƙonawa a wuni bai bambanta sosai da na mazauna biranen Turai da Amurka ba. Amy Luke ta Jami'ar Loyola ta samu makamancin haka da ta kwatanta matan karkara a kudu maso yammacin Najeriya da baƙaƙen mata na yankin Shikago. Masana suna muhawara kan yadda jiki yake yin wannan daidaito, amma darasin aiki a bayyane yake: ƙofar shiga ta fi ƙofar fita faɗi.

Kada a fahimce ni a karkace. Ban daina motsa jiki ba, kuma ba zan ba kowa shawarar ya daina ba. Tsokar da take aiki tana janye sukari daga jini ko da sikeli bai motsa ba, hawan jini yana sauka, barci yana daɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsi a mako, tare da aikin ƙarfafa tsoka sau biyu. Wannan na biyun shi muke watsarwa, alhali shi ne yake gaya wa jiki cewa ana bukatar tsokar nan, a ɗebi kitse a bar ta. Ba sai an je gidan ɗaga ƙarfe ba. Jarkar ruwa, tsugunawa da miƙewa, da dannan ƙasa da hannu sun wadatar.

A ƙofar shigar kuma, tuwo muka ɗora wa laifin da ba nasa kaɗai ba. Kakanninmu sun ci tuwon dawa da na gero safe da dare ba su san tumbi ba. Giram ɗaya na sitaci kalori huɗu ne, na furotin huɗu, na mai tara. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, kuma wace uwargida ce take auna mai da cokali? Shinkafa da wake abinci ne mai kyau, sai an malala mata mai har tana ƙyalli take zama wani abu dabam. Gyaɗar da muke ɓarzawa muna hira, giram 100 nata ya haura kalori 550. Sai abin sha, wanda shi ne ɓarawon da ba ya ƙarar da ƙofa, domin ruwa ba ya ƙosarwa kamar abin taunawa. Da yawa daga cikin lemon kwalba na santilita 50 suna ɗauke da sukarin da ya kai ƙananan cokula goma ko fiye, wato kusan duk giram 50 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a matsayin iyakar babban mutum a wuni. Zoɓo da kunun aya da fura da aka zuba wa sukari ba su tsira ba don an yi su a gida. Masu musanya sukari da zuma su ma su sani, a wannan lissafi hukumar a layi ɗaya ta sa su.

Watan azumi yakan nuna mana duk wannan a taƙaice. Binciken da aka tattara daga ƙasashen Musulmi daban-daban ya nuna matsakaicin abin da mutane suke saukewa a Ramadan bai fi kilo ɗaya da ɗan wani abu ba, yawancinsa kuma yana dawowa cikin makonni bayan Sallah. Mun wuni ba mu ci ba, amma daga kiran magariba zuwa sahur an jera kunu mai sukari, ƙosai, soyayyen dankali da ƙwai, lemo, sannan a zo ga abinci na ainihi bayan tarawihi. Jiki jimilla yake lissafawa, bai damu da ƙarfe nawa aka shigo da kayan ba. Malamai sun gaji da tuna mana batun raba ciki gida uku, mu kuwa mukan ba abinci gida ukun, ruwa da numfashi su nemi wuri.

Na san akwai mai karatun da zai ce, a wannan tsadar rayuwa da magidanci yake neman abin da zai sa a tukunya, wa yake da lokacin zancen rage ƙiba? Yana da gaskiya, kuma wanda ramarsa ta rashi ce wannan rubutu ba da shi yake ba. Sai dai tsadar ce ma take tura mutane ga abin da ya fi arha wajen cika ciki, wato sitaci da mai da sukari, ta nisanta su da kifi da ƙwai. Shi ya sa ake samun ƙiba da ciwon sukari a gidajen da ba su san hutu ba. Kuɗin allurar insulin na wata guda da na ga Yaya yana biya ya fi ƙarfin albashin mutane da yawa.

Abin da ya yi mini aiki daga ƙarshe ba shi da armashin da za a yi tallarsa. Malmala biyu ta koma ɗaya, miya ta ƙaru, man cikinta ya ragu. Wake, awara, ƙwai, kifi da kindirmo marar sukari suka samu wuri a kowane ci, domin furotin ya fi riƙe ciki, shi ne kuma yake kare tsoka. Kwaɗon zogale da na rama, waɗanda da nake yi wa kallon abincin ƙauye, suka dawo. Lemo ya koma na ranar biki. Na riƙa ajiye mota a bakin ƙofar makaranta ina ƙarasawa da ƙafa. Na kuma daina kai wa ƙarfe ɗaya na dare ina duba takardun jarrabawa, domin ƙarancin barci yana ƙara yunwa, kuma wani ƙaramin gwaji a Jami'ar Shikago a 2010 ya nuna masu rage abinci da suke barcin awa biyar da rabi sun zubar da kitse ƙasa da rabin na lokacin da suke samun awa takwas da rabi. Kilo tara na sauke cikin wata goma sha huɗu, biyu sun dawo, bakwai suna nan a sauke. Sukarin jinina ya koma daidai tun kafin in kai rabin hanya, wanda ya dace da abin da aka sani, cewa rage kashi biyar zuwa bakwai cikin ɗari na nauyi yana rage hatsarin kamuwa da ciwon sosai ga wanda yake bakin iyaka.

Sikeli yanzu sau ɗaya nake hawa a mako. Na fi dogara da kirtani: a yanko shi daidai tsawon mutum daga kai zuwa ƙafa, a ninka biyu, a zagaya ciki da shi a ɗan saman cibiya. Idan bakin biyu ba su haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, akwai aiki a gaba. Masu shan maganin sukari ko allurar insulin, da masu juna biyu, da masu shayarwa, da masu ciwon ƙoda, kada su sauya cin abincinsu sai da sanin likita, domin sukari yana iya faɗuwa warwas. Wanda kuma ya ga yana ramewa alhali bai rage komai ba, musamman in da yawan ƙishi da fitsari, ko tari da gumin dare, wannan asibiti zai nufa a makon nan, ba wurin tela ba.